Ranar da Layi Ya Koma Sahu

Ko da zan tsufa in ruɗe har in riƙa neman ɗankwalina yana kaina, ba na jin zan manta ranar da muka gudanar da zaɓen fid da gwani na ɗan takarar shugaban ƙasa a mazaɓarmu, nan cikin Yakasai. Shekaru sun ja, 'yar da nake goyo a lokacin yanzu ta fi ni tsawo, amma in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai a kicin, wani lokacin kuma dariyar ta ƙare da hawaye.

Ni ba 'yar siyasa ba ce, malamar firamare ce. Abin da ya jefa ni ciki shi ne, jam'iyyar da yawancin mutanen unguwarmu ke yi ta ce a wannan karon babu zancen daliget, duk mai katin jam'iyya shi zai fito da ƙafarsa ya zaɓi wanda yake so, kuma ƙato bayan ƙato za a yi. Ga wanda bai taɓa gani ba, babu akwati, babu dangwale, babu labule. Mutum ɗaya zai tsaya a gaba riƙe da hoton ɗan takara, masu son wannan ɗan takarar su jeru a bayansa ɗaya bayan ɗaya, a bi a ƙirga kawuna a gaban kowa. Ciyaman ɗin mazaɓarmu ya shiga neman 'yan sa-kai, ya aiko har gida wai ni zan kula da ɓangaren mata. Hujjarsa ita ce, wadda ta iya jera 'yan aji ɗaya a asambuli ai manya ba za su gagare ta ba. Allah ya yafe wa ciyaman, bai san manya ba.

'Yan takarar biyu ne, kuma babu wanda ya taɓa ganin ko ɗayansu ido da ido a unguwarmu. Da hoto muka san su. Ɗaya ya washe baki a fostarsa, muka sa masa Mai Murmushi. Ɗayan ya ɗaga ɗan yatsa yana nuna sama, muka sa masa Mai Nuna Sama. Kowane ɓangare ya tashi neman dattijon da zai riƙe masa hoto, wanda in an ga ƙeyarsa a gaba za a ji nauyin wucewa. Mutanen Mai Murmushi suka ɗauki mahaifina. Mutanen Mai Nuna Sama suka ɗauki surukina, mahaifin maigidana. Kun ji inda na shiga uku.

Baba, mahaifina, malamin zaure ne, asalinmu Barebari, kakanninsa suka zo daga Borno suka zauna a birni. Mutum ne mai gaskiya, amma fuskarsa kullum a ɗaure, kuma ba ya ganin kuskure ya ɗauke kai. Surukina kuwa, da muke ce wa Baba Alhaji, Bafulatani ne mai rumfar yadi a kasuwa, mai faran-faran, kowa nasa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, kuma tun suna samari suke tare. Aurena ma a kan dakalin ƙofar gidansu aka ƙulla shi. Kun san wasan Barebari da Fulani, to waɗannan biyun sun mai da shi abinci. Baba bai taɓa kiransa da wani suna ba sai “ɗan Fillo”, shi kuma sai dai ya ce “Babarbare, bawana”. Na taso ina jin wannan kullum bayan la'asar, kamar yadda nake jin kiran sallah.

Da aka ba su hotunan nan, da wasa abin ya fara, a majalisarsu ta bayan la'asar. Baba ya ce ina Bafulatani ya san shugaba, shanu ya sani. Aka yi dariya. Sai Baba Alhaji ya ce, “Mu je filin zaɓen mana, mu ga wa zai tsaya a bayanka in ba dole ba. Kai da ko murmushi sai da ka aro na hoto.” Majalisa ta tuntsire, har da masu riƙe ciki. Matsalar ita ce dariyar ta yi yawa, kuma maganar ta taɓa inda yake yi wa Baba ciwo, domin ya san ana girmama shi amma ba kowa ke sakewa da shi ba. Ya miƙe ya naɗe buzunsa, ya ɗauki butarsa, ya ce, “Sai an jima, Alhaji.” Maigidana da ya dawo ya ba ni labari, ina jin kalmar “Alhaji” ɗin nan a maimakon “ɗan Fillo” na san wasa ya ƙare.

Daga ranar magana ta yanke. Baba ya sauya lungun da yake bi zuwa masallaci. In Baba Alhaji yana dama da liman, shi yana can ƙarshen hagu. Na je gida in lallashe shi, ya ce da ni, “Ke, ba ruwanki. Amma ki sani, in aka tara unguwa aka kunyata ni a gabansa, ni da shi sai a lahira.” Na san Baba, ba ya faɗin abin da ba zai yi ba. Kuma ni da kowa mun san layin Baba Alhaji zai fi tsawo, ko makaho ya san haka. Abin da nake tsoro ke nan, ba wanda zai ci zaɓe ba. Abotar da ta girme ni ce za ta mutu a filin makaranta, a gaban idona, kuma ni ce mai jera mutanen da za su kashe ta.

Ni da maigidana muka zauna shawarar inda za mu tsaya. In na bi ubana, an ce na raina gidan aurena. In na bi surukina, an ce na sayar da ubana. Shi ma haka. Daga ƙarshe muka yanke a yi musaya, ni in tsaya a bayan mahaifinsa, shi ya tsaya a bayan nawa, kowane tsoho ya samu suruki ya rasa ɗa. A lokacin gani muke mun yi dabara. Yanzu in na duba, dabarar da za ta ɓata wa kowa rai daidai wa daida ce kawai muka samo.

Ranar zaɓe tun da hantsi muna filin wata firamare da aka ba mu aro. Mu 'yan sa-kai muka share, muka fito da bencina, muka ajiye tebur a ƙarƙashin darbejiyar da ke gabashin filin saboda nan ne kaɗai inuwa. Ku riƙe wannan, teburin a gabas yake, don haka duk wanda ya fuskance shi alƙibla yake kallo. Babu wanda ya lura a cikinmu. Aka cika randa da ruwa, aka aro lasifikar hannu daga masallaci. Ladanin unguwarmu ya ce lasifikarsa ba ta fita sai da shi, don an taɓa ara aka dawo masa da ita tana tari. Sai ciyaman ya ce to shi ke nan, ya zama mai sanarwa. Dattijo ne mai murya kamar a tsaga bango, tun ban san kaina ba shi yake tayar da iƙama a masallacinmu.

An ce jami'in da uwar jam'iyya za ta turo ya ƙirga mu zai iso da safe. Safiya ta wuce, rana ta take, aka yi azahar aka dawo, shiru. Muna ta duba katunan mutane muna ba su haƙuri. Ladan ya ce bari ya yi wa jama'a bayanin tsari kafin baƙo ya zo, ya ɗaga lasifika ya ce, “Jama'a, yau ƙato bayan ƙato za a yi!” Sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda unguwa duka ke ce wa Iya, ta miƙe daga kan benci tana gyara mayafi.

“Malam Ladan, wa kake ce wa ƙato? Ni ce ƙatuwar? Na yi aikin hajji, na aurar da jikoki, sai yau za a tara ni a fili a kira ni ƙato a lasifika?”

Mata suka ɗauka, wallahi ba za su tashi ba sai an gyara magana. Na yi bayani har muryata ta dushe, na ce sunan tsarin ke nan, ba da kowa ake ba. Iya ta ce to a sake wa tsarin suna. Ladan ya yi gyaran murya ya ce, “An gyara. Ƙato bayan ƙato, Hajiya bayan Hajiya.” Suka ce yanzu aka yi magana. Har waɗanda ko filin jirgi ba su taɓa zuwa ba suka tashi suna taku ɗai-ɗai.

Sai da rana ta karkata, la'asar ta kawo jiki, sannan jami'in ya iso a bayan babur, gumi sharkaf, da fayil a hammata. Saurayi ne ɗan gayu, ba ɗan cikin gari ba, kuma daga ganinsa mazaɓu da yawa ya zagayo an gasa shi. Ko ruwa bai sha ba ya ce a fito da masu hotuna, sauri yake. Baba ya fito ta hagu, Baba Alhaji ta dama, kowa ya rungume fostarsa a ƙirji, an manna ta a jikin kwali. Suka tsaya a gaban tebur da tazara a tsakaninsu wadda mota za ta wuce, babu wanda ya kalli wani.

A nan na ga abin da ban taɓa gani a asambuli ba. Mutanen da suka yini suna cika baki suka koma tsuru-tsuru. Wani ya sunkuya yana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Wani ya tuna yana da fitsari. Mai shayin bakin lungunmu, wanda duka tsofaffin biyu suke shan shayinsa, ya tsaya a tsakiyar layukan ya raba ƙafa. Na ce, “Malam, ina ka nufa?” Ya ce, “Malama, nazari nake.” Wani magidanci ya raba gidansa gida biyu, ya tura matarsa can, ya tsaya nan, yana ɗaga wa kowane tsoho hannu don a shaida. Duk da haka, da aka fara jeruwa, abin da nake tsoro ya bayyana. Layin Baba Alhaji ya miƙe har ya lanƙwasa ta bayan ajujuwa. Na Baba kuwa bai kai rabin filin ba, ɗalibansa ne na zaure da 'yan uwa da maigidana a can yana sunkuyar da kai. Na ga Baba ya ɗan waiga sau ɗaya, ya mai da kansa gaba. Wuyansa kawai na kalla na san ya gani.

Layukan kuma sun karkace, wasu bibbiyu, wasu sun yi cincirindo suna hira. Jami'in ya ce shi ba zai iya ƙirga wannan ba. Ya dubi ladan ya ce, “Baba, don Allah ka ce su miƙe layin nan sosai, kowa ya tsaya daidai.” Ladan ya ce wannan ai aikinsa ne. Ya juya ya ga jama'a tsaye sun fuskanci gabas, rana ta yi la'asar. Bakinsa ya faɗi abin da ya saba faɗa sau biyar kullum.

“A daidaita sahu! A cike gurbi! Kafaɗa da kafaɗa, ƙafa da ƙafa, kada a bar wa shaiɗan kafa!”

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Babu wanda ya tsaya tunani. Wannan muryar in ta faɗi haka, ƙafafun mutanen unguwarmu da kansu suke tafiya. Babban gurbin da ke filin kuwa shi ne tazarar da ke tsakanin layukan biyu. Tsofaffi suka fara matsowa, na dama ya yi hagu, na hagu ya yi dama, na baya suka taho suna cike gaba. Mai shayi da ke tsakiya ya ga an rufe shi ta ko'ina, ya ce, “Alhamdu lillahi!” da ƙarfi. Mata suka ja da baya suka yi nasu sahun. Kan ka ce kwabo layi biyu sun narke, sai sahu-sahu reras daga bango zuwa bango, wasu har sun tuɓe takalma. Wahalar da na sha tun safe ta tafi a numfashi ɗaya.

Jami'in ya ɗora hannu a ka yana cewa, “A'a! A'a! Ba haka ba! Wa ya ce a haɗe?” Ladan ya sauke lasifika ya dube shi da mamaki, ya ce, “Yaro, ka ce a miƙe, ga shi ya miƙe. Ka taɓa ganin sahu mai kyan wannan?” Ciyaman ya buɗe baki zai yi magana, sai ga liman ya keto daga cikin jama'a yana duban rana. Ya ce tunda Allah ya tara mutane, ga lokaci ya shiga, ga sahu ya daidaita, ba zai yiwu a watsa shi ba a yi sallah ba. Masu neman alwala ga randa nan. Wa zai ce a'a? Jami'in ma da ya ga babu sarki sai Allah, ya ajiye fayil ya naɗe hannun riga.

Liman ya ce a kawar da hotunan nan daga gaban masu sallah. Tsofaffin biyu suka kife su a kan tebur, ɗaya a kan ɗaya. Ni ranar ba na sallah, sai aka bar ni gadin tebur, na ja shi gefe na tsaya. Shi ya sa na ga abin da ya faru da idona, ba labari aka ba ni ba. Da yake su biyun ne a gaban kowane layi, da aka cike gurbi sai turawar jama'a ta haɗa su a tsakiyar sahun farko, Baba a hagu, Baba Alhaji a damansa. Baba ya so ya zame, babu hanya. Ya ɗan janye kafaɗarsa, liman ya waigo ya ce, “Malam, a matso.” Malamin da ya karantar da rabin unguwa hukuncin sahu, yau shi ake ce wa ya matso. Ya matso.

Aka yi raka'a huɗu, ni kuwa ina tsaye ina ta addu'a a zuci, ban ma san me nake roƙo ba. Liman ya yi sallama. Baba ya juya dama kamar yadda kowa yake yi, ya ce “Assalamu alaikum”, kuma babu kowa a damansa sai mutumin da ya yi makonni bai yi wa magana ba, hancinsu ya kusa haɗuwa. Baba Alhaji ya yi tasa sallamar ta dama, sannan ya juyo hagu don mayar wa na gefensa, yadda tsofaffinmu suke yi. Amma maimakon ya faɗa a hankali, sai ya ja ta da ƙarfi har sahu na uku suka ji. Ya kuma miƙa hannu. Baba ya dubi hannun nan kamar an miƙo masa garwashi. Idon liman na kansa, idon ɗalibansa na kansa. Ya ba shi 'yan yatsu, ya zare da sauri. Na ce a raina, Allah ka ƙara mana ko yaya ne.

Amma sallah ta ƙare, zaɓe yana nan. Jami'in ya karɓe lasifikar da kansa, ya ce ladan ya huta haka, Allah ya saka. Ya ce masu hotuna su ɗauka su koma wurarensu. Tsofaffin nan kowa kunya da haushi sun cika shi, suka zo tebur ba mai kallon wani, kowa ya fizgi kwali ɗaya ya manna a ƙirji ya juya. Ni lokacin na riga na ruga baya ina tayar da mata. Aka sake jeruwa, wannan karon shiru-shiru, jiki ya yi sanyi. Na je na tsaya a layin surukina kamar yadda muka shirya, ina hango ɗan gajeren layin ubana, hawaye na neman zubo mini. Mai shayi ma dai a ƙarshe ya bi dogon layin yana ɓoye fuska da hula.

Jami'in ya bi ya ƙirga, yana taɓa kafaɗar maza, mata kuma yana nuna su da biro daga nesa. Ya koma gaba ya dubi hoton da ke ƙirjin kowane tsoho, ya rubuta, ya sa hannu. Sannan ya ɗaga lasifika ya ce Mai Murmushi ne ya lashe mazaɓarmu, da rata mai yawa.

Dogon layinmu ya ɓarke da sowa, Iya har ta fara guɗa. Sai guɗar ta tsinke a tsakiya. Wani ya ce, “Tsaya, wa ya ce?” Mai Murmushi ai na Baba ne. Gajeren layin kuma da suka riga suka sunkuyar da kai suka ɗago suna kallon juna. Baba Alhaji ya juyo da kwalin da ke ƙirjinsa a hankali ya duba, ya ga mutum ya washe masa baki. Ya ce, “Innalillahi! Wannan kuma wane ne yake mini dariya?” Baba, da idonsa ya fara rauni amma ya ƙi sa gilashi a cikin mutane, ya kawo nasa kwalin har kan hanci, ya ga ɗan yatsa yana nuna sama. Ashe a kan tebur suka yi musaya. Mu da ke baya ƙeya kawai muke gani, shi kuma jami'in bai san wa ke son wa ba, abin da ya gani ya rubuta.

Filin ya kaure. Samarin dogon layi suka hau ihu, “Ba mu yarda ba! A sake! A sake!” Jami'in ya ce shi dai ya ƙirga abin da ke gabansa, amma in mai riƙe da hoton ya ce kuskure ne, zai yaga takarda a sake yanzu. Kowa ya juya ga Baba Alhaji. Gaskiya tana hannunsa, jama'a na bayansa, kalma ɗaya zai faɗa. In aka sake, za a kira sunan wanda ya faɗi a lasifika, Baba yana tsaye riƙe da hotonsa. Na dubi Baba, kwalin da ke hannunsa yana rawa. Ban taɓa ganin hannun ubana yana rawa ba sai ranar. Baba Alhaji ma ya gani, na ga lokacin da ya gani.

Ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, “Ba za a sake ba. Da hannuna na ɗauka, ba wanda ya ɗora mini. Ku kuma masu ihu, wa ya zagayo ya duba hoton da yake bi? Ƙeyata kuka bi, ga ta nan, ba ta canja ba.” Sannan ya juya ya ƙare wa Baba kallo, ya ce, “Amma ni na san aikin Barebari in na gan shi. Babarbare, faɗa mini gaskiya, a wace sujadar ka tofa mini?”

Kowa ya zuba wa Baba ido. Na ce a raina shi ke nan, ta ɓaci. Sai Baba ya gyara tsayuwa ya ce, “Ina ruwan tofi a nan? Ɗan Fillo, hoto ɗaya tak aka ba ka kiwo ka kasa. Ka tashi ka koro mini garken gaba ɗaya har ƙofar gida.”

Wayyo, dariya! Liman sai da ya zauna a kan benci. Samarin da ke ihun a sake suka riƙe ciki. Jami'in ya tattara fayil ya haye babur, yana cewa shi bai taɓa ganin mazaɓa irin wannan ba, ladan na bin sa yana tambayar ina lasifikarsa. Ni kuwa na durƙushe a wurin ina dariya ina kuka, Iya tana dukan bayana tana cewa, “Ke, tashi, 'yar Barebari, kun yi mana fashi da rana tsaka.” Sai a lokacin na tuna, ni da na tsaya a bayan surukina don in faranta masa, ɗan takarar ubana na zaɓa. Maigidana kuma na ubansa ya zaɓa. Dabararmu ma ta juye.

Na san a ƙa'ida abin da aka yi ba daidai ba ne, kuma ban zo in kare shi ba. Sai dai ko mako ba a rufa ba muka ga 'yan takarar nan biyu a talabijin sun rungume juna, wai an yi maslaha, dukansu sun janye wa wani na uku da ko hotonsa bai taɓa zuwa lungunmu ba. Ƙuri'unmu, na daidai da na kuskure, ko tambayarsu ba a yi ba.

Tsofaffin nan kuwa sun samu abin yi har ƙarshen zamansu tare. Baba ya ce ɗan takararsa ne ya ci, a rubuce yake. Baba Alhaji ya ce da mutanen wa? Kowa ya zo wucewa sai sun tsayar da shi ya yi alƙalanci, kuma duk hukuncin da ya yanke sai an ɗaukaka ƙara washegari. Baba bai taɓa sallamawa ba, ko sau ɗaya.

Baba Alhaji ne ya riga tafiya. Ranar jana'izarsa idon Baba ya riga ya tafi kusan duka, maigidana ne ya riƙe masa hannu zuwa ƙofar gida, shi ya ba ni wannan labarin. Ya ce suna tsaye ana jiran liman, sai Baba ya matso kunnensa ya ce, “Har ina mutane suka kai?” Ya ce masa, “Baba, lungu ya cika, sun fita har bakin titi.” Baba ya gyaɗa kai ya ce, “Ai na sani. Ranar zaɓen nan ma ya fi ni jama'a, nesa ba kusa ba. Kuma yana sane ya bar mini. Ban faɗa masa ba ne kawai, kada ɗan Fillo ya samu bakin magana.” Sai ya sa gefen rawaninsa ya rufe fuska.

Abin da wannan rana ta koya mini shi ne, mutum yana iya riƙe da gaskiya, jama'a na bayansa, ya ga cin nasarar zai tozarta nasa, ya sake ta, kuma bai yi asarar komai ba. Har yau duk zaɓen da ya zo ina fita in yi, ina da wanda nake so, ina musu a kansa har muryata ta dushe. Amma ban yarda in daina gaida maƙwabcina a kan mutumin da bai san hanyar lungunmu ba.